Makokin da Soja Bai Zauna Ba

A ƙasar Hausa ba a barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai, ba a kuma gaggauta shi. Da an dawo daga maƙabarta sai a shimfiɗa tabarmi, maza a ƙofar gida, mata a ciki. Maƙwabta su ɗauke wa gidan girki. Mai shago ya ja ƙofar shagonsa, ma'aikaci ya aika ofis cewa an yi masa rashi, ba mai tambayarsa takarda. Kwana uku ana karɓar gaisuwa. Wasu gidajen su ƙara da sadakar bakwai da ta arba'in, duk da malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kansu. Matar mamaci kuwa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. In ka lura, duk lokaci ne jama'a ke ara wa mai rai, don zafin abin ya huce masa a tsakiyar mutane.

Mutum ɗaya ne wannan gata ba ya kaiwa gare shi: sojan da ke bakin daga. Shi akan yi masa rasuwa, a yi sutura, a karɓi gaisuwa har a naɗe tabarmi, yana can rungume da bindiga. Tun zamanin Nasara haka abin yake a Nijar. Amma wanda ya tashi a Yamai ya ga mazan jiya da idonsa, ya kuma rayu har ya ga samarin da ake kwasa zuwa Tilaberi a yau, ya san rashin waɗancan da na waɗannan ba nauyinsu ɗaya ba.

Ina yaro a Bukoki akwai sauran tsofaffin sojan Faransa da rai. Ko cikin babbar riga ana gane su, don tafiyar ba ta ɓuya, ranar bikin ƙasa kuma sukan fito da lambobinsu a ƙirji. Rundunar da suka yi wa aiki an kafa ta a Sanagal a 1857, daga baya aka yi ta cusa mata Zabarmawan Doso da Arawan Dogon Dutsi da Gobirawan Tsibiri. A Yaƙin Duniya na Farko kaɗai an kwashi kusan mutum 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da Faransa ke mulka, kimanin 30,000 ba su dawo ba. Yadda ake ɗiban nasu kuwa sananne ne: kumandan ya yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, mai gari ya dubi gidan da ba shi da mai tsaya masa.

Wanda na fi sani a cikinsu wani dattijo ne maƙwabcinmu, da aka ɗauka bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kai shi Indoshin, yankin da Biyetnam take a yau. Ya bar mata da ɗan goyo a ƙauyensu. Yana can baƙon dauro ya ɗauke yaron, uwar ta bi shi kafin kaka. Wasiƙar ta bi hanyar da wasiƙa ke bi a lokacin: malamin lakwal ya rubuta da Faransanci, aka kai ofishin kumandan, daga nan Dakar, daga Dakar jirgin ruwa, sannan motar soja. Da ta iso wani saje ɗan Dahome ya karanta masa. Suka lissafa baya, suka ga har arba'in ta daɗe da wucewa. Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ji shi, ya yi ta ƙoƙarin tuna me yake yi ranar da aka binne ɗansa, ya kasa. Watakila wankin kaki yake, watakila ma dariya yake da abokai.

Sai ya ɗebi albashinsa ya sayi sukari da burodi ya raba wa Musulmin rukuninsu, Bambarawa da ƴan Sanagal da ƴan Maroko. Wani Bafillace mai ɗan karatu ya yi addu'a, aka shafa. Iyakar makokinsa ke nan, bai kai tsawon tsakanin magariba da lisha ba. Da asuba aka busa begila ya fita fareti.

Ban taɓa jin ya ce don Faransa ya yi yaƙi ba. In samari suka tsokane shi, suka ce Baba ai bautar Nasara kuka yi, sai ya ce musu akwai wani yaro ɗan Mosi da suke kwana rami ɗaya, ɗaya na barci ɗaya na gadi, shi wannan yaron ya riƙe wa amana. Kaki na gwamnati ne, bindiga ta gwamnati ce, har takalmin ƙafarsa; salla ce kaɗai tasa. Yakan yi taimama da ƙasar da bai san sunanta ba, ya kintaci alƙibla ya tayar, ba kuma wanda ya taɓa yi masa gardama a kan ko shi Musulmi ne.

Wurin da tsofaffin nan ba sa son a taɓo shi ne Aljeriya. Waɗanda aka kai can tsakanin 1954 da 1962 sukan gajarta labari, don can ne suka ji kiran salla yana tashi daga cikin ƙauyen da aka sa su kewaye. Saini Kunce kansa, da ya mulki ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, ya yi Indoshin ya yi Aljeriya cikin kakin Faransa. Sakayyarsu kuma an san ta: wata doka ta 1959 ta daskarar da fanshonsu, na abokan yaƙinsu Faransawa yana ta hawa, ba a daidaita shi gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da akasarinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Bayan ƴancin kai a 1960 soja ya koma ma'aikacin gwamnati mai gida a bariki. A horar da shi a Tondibiya, ya samu ɗaki a Gamkalle, ya yi aure, ƴaƴansa su shiga lakwal. An yi tawayen arewa daga 1990 har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, aka sake yi daga 2007 zuwa 2009, an kuma yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Amma mu mutanen Yamai, tsakani da Allah, a rediyo muke jin sa. Harbin da muka ji da kunnenmu na juyin mulki ne, ko na boren albashi irin na 1992. A shekarun nan in mahaifin soja ya rasu a Filinge ko Birnin Ƙonni, sai ya nemi izini, ya hau mota a tashar Wadata, ya iske sadakar uku.

Sai ga 23 ga Mayu 2013, aka tayar da bam a barikin Agadas da ma'aikatar yuraniyom ta Arlit rana ɗaya. A Fabrairun 2015 Boko Haram ta ƙetaro Komadugu ta afka wa Boso da Difa. Watan Afrilun 2015 ɗin shi nake so a tuna. Ranar 25 gare shi aka kashe sojoji 46 a tsibirin Karamga, cikin Tafkin Cadi. A daidai waɗannan kwanaki sanƙarau ya ɓarke a Yamai har gwamnati ta rufe makarantu, iyaye suna layi a shagunan magani suna neman allurar rigakafin da ta yi ƙaranci. Kafin annobar ta lafa ta ci fiye da mutum 500 a ƙasar, akasari yara. Tsakanin Yamai da Difa akwai fiye da kilomita 1,300. Uba yana can yana tsaron tafki, ƴaƴansa suna nan cikin zafin bazara da sanƙarau. Ƙasa tana ƙirga sojojin da suka faɗi, tana sassauto musu da tuta, haƙƙinsu ne. Ƴaƴan da sojoji suka binne ta waya, da matan da suka rasu wurin haihuwa mazansu na daji, su ba sa shiga kowane lissafi.

Ranar Talata 10 ga Disamba 2019 ɗaruruwan mahara a kan babura da motoci suka faɗa wa sansanin Inates, kusa da iyakar Mali, suka kashe sojoji 71. Shugaba Mahamadu Isufu ya katse tafiyarsa a Masar ya dawo. Ranar Juma'a aka jera gawarwakin, kowace cikin tutar ƙasa, a sansanin sojan sama na 101 da ke gefen filin jirgin Yamai, aka sallace su, aka binne su a filin da aka keɓe wa shahidai. Ƙasar kaburburan ba ta gama kwantawa ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe wasu 89 a Shinagodar. Sojoji 160 ke nan cikin wata guda. Aka sauya babban hafsan sojoji, aka naɗa Janar Salifu Modi. A unguwanni kuwa abin da muka gani shi ne amaren da lallen bai gama fita daga ƙafarsu ba suna takaba, da iyayen da kabarin ɗansu ke bayan ƙofar bariki maimakon maƙabartar Yantala ko bayan garinsu.

Har zuwa nan tsoro hanyarsa ta da yake bi: ƴan gida ke fargabar labarin da zai zo daga daji. A 2021 sai abin ya juya. Ranar 2 ga Janairu aka kashe farar hula 100 ko fiye a Combangu da Zarumdarai, yankin Walam. Ranar 21 ga Maris aka kashe 137 a ƙauyukan Tiliya, cikin jihar Tawa, a yini ɗaya. Ƙaramin soja kuwa ɗan ƙauye ne, daga irin waɗannan garuruwa ya fito. Yanzu shi ne ke bayan buhunan yashi da bindiga mai jigida, uwarsa da ubansa suna fili ba kowa. Shi ne gabansa ke faɗuwa in waya ta yi ƙara.

Akwai ɗan wani aminina, mutumin Zarmaganda da muka yi zaman kasuwa tare a Katako kafin ya koma gida noma. Yaron a gabana ya girma, Baba yake ce mini. Yana bakin aiki a wani sansani na yammacin ƙasar aka shiga garinsu aka kashe uban da wansa. Shi labarin bai yi watanni a jirgin ruwa ba. Kafin a gama haƙa kabari ya iso, cikin saƙon murya na WhatsApp, ƙanwarsa tana kuka tana ambaton sunaye. Ya ce mini inda suke sai an hau kan mota ake samun layi. A kan motar ya saurara, ya sauko, ya karɓi gadinsa na dare don lokacinsa ya yi. Da safe shugabansa bai yi masa gardama ba, ya ba shi izini. Sai dai izini ba hanya ba ne. Ba a fita sai da ayari, ayari kuma ba don mutum ɗaya yake tashi ba. Garin nasu ma ba ya shiguwa gare shi: in aka ga soja ya zo gaisuwa, waɗanda suka rage ne za su biya bayan ya tafi. Har yau bai ga kabarin ubansa ba.

A Yamai ya iske uwarsa da ƙannensa, sun gudo sun sauka gidan dangi a bayan gari. An daɗe da naɗe tabarmi. Mu ƴan tsirarun abokan uban muka sake shimfiɗa masa ita na yini ɗaya, don kada a ce bai karɓi gaisuwar mahaifinsa ba. Ya zauna cikin jallabiyar da ta yi masa yawa. Ana ce masa "Ya haƙuri?" yana cewa "Da godiya." Ba hawaye. Tsakanin masu gaisuwa sai ya juyo ya tambayi nawa buhun hatsi yanzu, nawa hayar ɗaki biyu a unguwar. Da aka watse ya matso kusa da ni.

"Baba, kowa haƙuri yake ba ni, na kuma karɓa. Amma akwai abin da nake so in tambaye ka. Duk garin an san ɗansa soja ne. Kana ganin saboda ni ne?"

Na ce masa abin da kowa zai ce, kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ajalinsa.

Ya ce, "Ajali na yarda da shi, Baba. Sanadin nake tambaya."

Dattijon nan na Bukoki, da duk wahalar da ya sha, wannan tambaya ba ta taɓa hana shi barci ba. Baƙon dauro ba ruwansa da ɗan soja.

Na tambaye shi ko zai ajiye aikin. Ya ce in ya ajiye wa zai ciyar da mutanen nan, gona ta tafi, shanu sun tafi, albashinsa ne kaɗai ya rage wa gidan. Ya ce kuma duk kwanan da ya ƙara a Yamai, wani ne can ke haɗa gadinsa da nasa. Ƙasa ta zo daga baya a bakinsa, ya ambace ta ba tare da ɗaga murya ba. A nan shi da tsohon sojan Indoshin bakinsu ɗaya. Abin da ake kira kishin ƙasa a jawabin manya, in ka matsa kusa da mai yin sa, abokin gadi za ka tarar da bakunan da ke jiran abinci. Ni ban ga wannan ya rage masa daraja ba. Shi ne ma ya sa na yarda zai koma.

Wajen addini ne suka rabu. Waɗanda suka kashe uban yaron nan da kabbara suka shigo gari. Suna kwashe dabbobin mutane da sunan zakka, suna kiran sojan gwamnati kafiri, jininsa ya halatta, shi da duk mai taimaka masa. Abin da mazan jiya suka ɗanɗana a Aljeriya suka kasa ba da labarinsa, shi kullum da shi yake kwana, alhali shi garinsu yake karewa. Duk mai sauran shakka a kan wane ne abokin gāban Musulmi a wannan yaƙi, Fambita ta ishe shi: ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, aka kewaye masallacin garin ana sallar Juma'a, aka kashe mutum 44. Amma hujja daban, nutsuwar zuciya daban. Sojan da aka yi wa rashi malamin da zai zauna da shi yake buƙata, ba mai jefa masa "ka yi haƙuri" ya wuce ba.

Mun mai da haƙuri kamar murfin tukunya, da ta fara tafasa sai mu danne. Tarihin da muka karanta a zaure bai koya mana haka ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim a gaban sahabbai. A yaƙin Badar, lokacin da Musulmi ba su wuce ɗari uku da ƴan kai ba, ana buƙatar kowane takobi, ya umarci Usman ɗan Affan ya zauna Madina ya yi jinyar matarsa Ruƙayya. Ta rasu kafin mayaƙa su dawo, aka kuma lissafa Usman cikin mutanen Badar, aka ba shi rabonsa na ganima. Wato jinyar iyali an sa ta cikin aikin yaƙin, ba a ɗauke ta gudu ba. Ina ma masu tsara dokar izinin soja za su riƙa tuna wannan ƙissa yadda suke tuna falalar shahidai.

A nan kusa da mu ma akwai Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, malami kuma jagoran yaƙi, wanda ikon Gwandunsa ya kai har Sayi, kudu da Yamai. A Tsuntsuwa a 1804 jama'ar Shehu ta rasa kimanin mutum 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A Alwasa, shekarar da ta biyo, aka sake yi musu ɓarna. Abdullahi ya yi wa abokansa waƙoƙin makoki, suna cikin littafinsa Tazyinul Waraƙat. A 1807 sai ya sulale daga runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Ba tsoro ya kore shi ba. Dubawa ya yi ya ga mutanen kirki sun ƙare a fagen fama, da yawa cikin waɗanda suka rage kuma hankalinsu ya koma kan dukiya da sarauta. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, sannan ya koma bakin aikinsa. In har mutum irin wannan ya kai ga jingine takobi na ɗan lokaci, to ba raunin imani ba ne don ƙaramin soja ya ji zuciyarsa ta karaya.

Abin da ya kori Abdullahi mu ma mun gan shi. Ba a yi wata biyu da Shinagodar ba aka fara jin ƙishin-ƙishin binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro, wanda ya nuna kimanin sefa biliyan 76 sun salwanta a cinikin kayan yaƙi, wasu ta aringizon farashi, wasu kayan an biya ba a kawo ba. Da mutane suka fito zanga-zanga ranar 15 ga Maris 2020 aka tarwatsa su, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati, mutum uku suka mutu. Yaya wanda ya ɗauki gawar abokinsa a Inates zai ji da wannan labari? Haƙuri tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Bai taɓa zama dalilin ƙyale wanda ya ci kuɗin harsashi ba, wanda ya ci ɗin kuma ba shi da bakin ba maraya haƙuri.

Akwai kuma ɓangaren da ba ma son faɗa, ni kuwa ina ganin rashin faɗarsa cin amanar sojan kirki ne. A Satumbar 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce ta gano gawarwaki aƙalla 71 cikin ramuka a yankin Inates, na farar hula da suka ɓace a ƙarshen Maris da farkon Afrilun shekarar, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu masu kaki. Ma'aikatar tsaro ta musanta. Kowa ya riƙe abin da ya gamsu da shi. Amma baƙin cikin da ba a ba shi wurin zama ba, in yana ƙirjin mai bindiga, mafita yake nema, makiyayin da aka tarar a bakin rijiya kuma ya fi maharin da ya tsere a babur sauƙin samu. Duk wanda aka kashe haka ya bar ɗa ko ƙane, mutanen daji kuma suna jiransa hannu biyu-biyu. A Uhudu an yi wa gawar Hamza abin da ba ya faɗuwa, Annabi bai ɓoye zafin da ya ji ba, amma ya hana a yi wa gawar kowa irin haka. Bayan shekaru Wahshi, wanda ya kashe Hamza, ya musulunta. Aka karɓe shi, ba a taɓa shi ba, sai dai Annabi ya nemi ya riƙa kauce wa idonsa. An bar ramuwa, ba a kuma ce ciwon ya warke ba. Wannan ma'auni nake so limaman bariki su riƙa ɗora wa yaranmu.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kaki ya samu farin jinin da ban taɓa ganin irinsa a Yamai ba. Dubban mutane sun yi ta kwana a mahaɗar hanya ta Eskadiri, ƙofar sansanin nan na 101, har sojojin Faransa suka tattara suka fita a Disambar 2023, na Amurka suka bi su a 2024. An kafa asusun ceton ƙasa da kowa ke zubawa, tun 2020 kuma akwai asusun wakafi don iyalan jami'an tsaron da suka rasu a bakin aiki. In aka tuna fanshon da aka daskarar, ba a ce ba a motsa ba. Sai dai yaƙin bai bi baƙi ya fita ba. Tun ba su gama fita ba ma, a Oktoban 2023, an kashe sojoji 29 a Tabatol. Tunaninmu duka kuma yana kan sojan da ya mutu ya bar iyali. Wanda iyalinsa suka mutu suka bar shi, yana nan da hannu biyu da ƙafa biyu, a fareti lafiya lau ake ganinsa. Ba wani abu mai tsada nake nema masa ba: a tabbatar masa da kwanakin makokinsa ko da a makare, a ɗan janye shi daga yankin da aka kashe danginsa, a samu mai sauraronsa, malami ko likita, kafin a sake miƙa masa bindiga.

Ɗan aminin nan nawa ya koma daji tun izininsa bai cika ba. Ranar da zai tafi ya bar mini amanar ƙanensa, wanda ya ga abin da aka yi wa ubansu daga inda ya ɓuya. Ya ce, "Baba, ka sa shi makaranta, ko ka kai shi wurin mai gyaran babur. Kada ka bari ya bi ƴan banga." Yana da dalili. A Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu ya ja ƴan sa-kai suka fita neman mahara, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka mutu har da shi. Na kai yaron garejin wani sanina, hannunsa kuma yana da kyau, maigidansa na yabonsa. Ƴan banga dai bai bi su ba. Amma da aka yi shelar ɗaukar sababbin sojoji sai ga shi da takardar haihuwarsa cikin leda, yana so in raka shi a yi masa ta shaidar zama ɗan ƙasa. Na ce sai na gaya wa wansa. Na aika saƙon, waya ta nuna an saurara, amsa ba ta zo ba tukuna. Uwar ta ce in ya tafi ba da yawunta ba, shi kuma ya ce mini ranar Litinin ake rufe karɓar takardu.